Ƙurar Bitcoin: Ragowar Kuɗin Da Ba Ta Datsuwa

Duk wanda ya ɗan daɗe a harkar kirifto ya san wannan ragowar. Ka tura kuɗinka ko ka sayar, sai ka leƙa walat ka tarar da wasu 'yan lambobi can bayan jerin sifili, kamar 0.00000600. Ba su isa sayen komai ba, in kuma ka ce bari ka tura su, manhaja ta nuna maka cajin ya fi su yawa. Sai ka watsar, ka manta. A wurinka magana ta ƙare. A wurin dubban kwamfutocin da ke riƙe da Bitcoin a faɗin duniya kuwa yanzu aka fara, domin wannan ɓurɓushin, wanda ake kira ƙura, zai zauna a cikinsu ba ranar fita.

A fara raba abu biyu, don mutane da yawa suna haɗa su. Idan ragowarka tana kan dandalin musaya irin su Binance, ko kaɗan ba ta taɓa bulokcen ba, wato sarƙar da ake rubuta duk mu'amalolin Bitcoin a kanta. Lamba ce kawai a littafin kamfanin, shi ya sa ma suke da maɓallin da zai tattara maka 'yan canjin ya mayar da su BNB, kuɗin kamfanin, ba tare da wani mahaƙi (mai rubuta mu'amaloli a kan sarƙar don lada) ya sani ba. Wadda nake magana a kanta ita ce ragowar da ke cikin walat ɗin da mabuɗin sirrinsa ke hannunka, wato kuɗin da aka rubuta a kan sarƙar kanta.

Bitcoin ba shi da asusu irin na banki. Jimillar da kake gani a fuskar wayarka, manhaja ce ta yi maka lissafinta. Abin da ke kan sarƙar dunƙule-dunƙule ne. Duk lokacin da aka turo maka kuɗi, an ƙirƙiri dunƙule ɗaya mai ɗauke da adadinsa da sharaɗin buɗe shi. 'Yan harkar suna kiransa UTXO, kuɗin da aka fitar ba a kai ga kashe shi ba. Kuma dunƙule ba ya gutsuruwa. Bitcoin ɗaya satoshi miliyan 100 ne. To a ce kana da dunƙule na satoshi 100,000 kana son biyan wani 70,000. Dole a fasa shi gaba ɗaya a ƙirƙiri sababbi biyu, ɗaya na wanda ka biya, ɗaya canjinka, bayan an cire ladan mahaƙa. Tsohon ya tafi, biyu sun maye gurbinsa. Walat ɗin da ke nuna maka jimilla ɗaya tana iya kasancewa da dunƙule arba'in a cikinta, kowanne da girmansa, kowanne da gurbinsa a ma'adanar kwamfutocin mutane.

Kwamfutar da ke tantance mu'amaloli, wadda ake kira nod, tana ajiye kaya iri biyu. Na farko tarihi ne: kowane bulok, wato ƙunshin mu'amalolin da ake ƙarawa a sarƙar, tun daga na ranar 3 ga Janairu 2009 zuwa na yau, wanda nauyinsa ya haura gigabayit 600. Na biyu jerin dunƙulallun da ba a kashe ba ne a wannan lokacin da ake ciki. Idan sabuwar mu'amala ta zo, nod ba ta komawa ta bincike tarihin shekaru goma sha. Jerin nan take dubawa: dunƙulen da ake son kashewa yana nan? Sa hannun ya dace da makullinsa? In eh, a goge shi a rubuta sababbi. In babu shi, ƙarya ce ko an riga an kashe, a yi watsi da ita.

Tun a takardar da Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, ya fitar a watan Oktoba 2008 akwai wani ɗan sashe kan yadda za a rage cin wuri. Ya ce mu'amalar da aka riga aka kashe abin da ta haifar, kuma aka binne ta ƙarƙashin bulok masu yawa, ana iya zubar da ita. Har lissafi ya yi cewa ɗan taƙaitaccen bayanin da ke saman kowane bulok bayit 80 ne, a shekara kusan megabayit 4.2. Amma an jima kafin wannan zubarwa, wato datsa, ta shigo manhajar da mafi yawan masu nod ke amfani da ita, wadda ake kira Bitcoin Core. A farkon 2013, sigar 0.8 ta kawo aikin Pieter Wuille wanda ya ware jerin dunƙulallu a rumbunsa na daban. A kan wannan tushe ne Bitcoin Core 0.11 ta fito a Yuli 2015 da damar datse tarihi. Yadda take yi ya ɗan bambanta da abin da Satoshi ya zana: nod tana sauke kowane bulok daga farko, ta tantance shi, ta sabunta jerinta, sannan ta goge tsofaffin fayilolin baki ɗaya. Mafi ƙarancin abin da za a bari shi ne kimanin megabayit 550, kuma dole a riƙe bulok 288 na baya-bayan nan, wato na kusan kwana biyu, saboda idan sarƙa ta rabu aka bukaci komawa baya kaɗan a samu abin komawa.

Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Mai tsohuwar kwamfuta da ƙaramar ma'adana zai iya tantance kuɗinsa da kansa ba tare da dogaro da kowa ba, kuma tantancewarsa ba ta gaza ta mai babbar na'ura ba ko da ƙwayar zarra. Sai dai datsa tarihi kawai take ci. Ba ta taɓa jeri na biyu.

Ɗauki mai shagon unguwa da littafinsa na ajiya. Mutane suna ba shi kuɗi ya riƙe musu, yana rubutawa. Shafin da mai shi ya zo ya karɓi abinsa aka soke, ana iya yage shi a jefar, ba wanda zai tambaya. Amma shafin da aka rubuta cewa wane yana da ragowar naira biyar, ko da mutumin ya bar gari shekara goma, ko ya manta, ko ya rasu, mai amana ba zai yage shi ba. Kuma shafin naira biyar da na naira miliyan biyar takarda ɗaya suke ci. To haka dunƙulen satoshi 600 da na Bitcoin 600 suke cin wuri kusan ɗaya a jerin nod, bayit 'yan gomomi kowanne. Bambancin kawai shi ne mai Bitcoin 600 wata rana zai motsa abinsa, mai satoshi 600 kuwa da wuya.

Ga inda lissafin ya juye. A ƙarshen 2022 jerin yana ɗauke da dunƙule miliyan 80 da 'yan kai, nauyinsa kimanin gigabayit 5. Kafin shekara biyu ya ninka. Wani bincike da masu mempool.space suka fitar a 2025 ya samu dunƙule sama da miliyan 170, nauyi kimanin gigabayit 11, kuma kusan rabinsu ba su kai satoshi 1,000 ba. Ke nan a nod ɗin da aka datse har ƙarshe, tarihi yana cin rabin giga, jerin da ba ya datsuwa yana cin ninki ashirin na hakan. Wanda ya kunna datsa a 2015 yana gudun nauyin tarihi, yau abin da ya fi cika masa ma'adana shi ne ajiyar mutanen da bai sani ba, wadda rabinta ƙura ce. In ka ɗauka kowane ɗaya daga cikin ƙananan nan miliyan 85 ya cika satoshi 1,000 cif, jimillarsu ba za ta wuce Bitcoin 850 ba, alhali sama da miliyan 19 ne ke yawo. Ɗan wannan kuɗin ne ya mamaye rabin littafin.

Gigabayit 11 ba wani abin tsoro ba ne a zamanin da wayar hannu ke zuwa da 128. Matsalar ta fi ƙarfi ta fuskar sauri. Tsohon bulok ajiyar kwana ce, a rubuta shi sau ɗaya a bar shi, ko a kan faifai mai jan ƙafa. Jerin dunƙulallu kuwa ana taɓa shi a kowace mu'amala, a nemo nan, a goge can, ba bisa wani tsari ba. Shi ya sa manhajar ke ƙoƙarin riƙe wani ɓangarensa a ram, ma'adanar wucin gadi mai sauri, kuma abin da ta daɗe tana warewa don haka, in ba ka canza ba, megabayit 450 ne. Lokacin da jerin yake ƙarami, kaso mai kyau yana shiga. Da ya kumbura, yawancin nema sai an gangara faifai. Inda abin ya fi nunawa shi ne ranar farko, lokacin da sabuwar nod ke bin tarihi daga tushe. Masu ƙananan na'urori irin su Raspberry Pi sun fi kowa jin jiki, domin aikin da ake gamawa cikin kwanaki ya koma jan lokaci sosai da zarar an iso bulok ɗin 2023. Kuma duk wanda ya gaji ya kashe na'urarsa, an rage mutum ɗaya cikin masu duba ko ana bin doka. Wannan ne ainihin abin da ya dame ni a maganar, fiye da cikar faifai.

Mene ne ma ƙura a ƙa'idance? Ana biyan mahaƙa ne bisa girman mu'amala a bayit, ba bisa yawan kuɗin da ke ciki ba. Kashe dunƙule ɗaya na tsohon adireshi, irin mai farawa da lamba 1, yana cin bayit 148. Ƙirƙirarsa 34. Haɗa su 182 ke nan, a ninka sau uku, satoshi 546. Daga nan wannan sanannen adadin ya fito: Bitcoin Core ba ta yarda ta isar da mu'amalar da za ta haifi dunƙule ƙasa da haka. Ga sababbin nau'o'in adireshi kuwa, na SegWit mai farawa da bc1q iyakarsa 294 ce, na Taproot 330. An fara sa wannan shinge a 2013, lokacin ma satoshi 5,430 ne, aka rage daga baya. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, wannan ba dokar sarƙa ba ce, tsarin isarwa ne kawai; mahaƙin da ya ga dama zai iya sa dunƙulen satoshi 1 a bulok ɗinsa kuma kowa ya karɓa. Na biyu, ƙura ta gaskiya ba ta tsaya a 546 ba, tana hawa da sauka tare da kasuwa. Kashe dunƙulen SegWit yana cin bayit 68 a ma'aunin caji. In caji satoshi 10 ne kan kowane bayit, sai ka biya 680 kafin ka motsa shi. In ya kai 50, 3,400. A Afrilu 2024, ranar da aka raba ladan mahaƙa biyu a bulok na 840,000 kuma aka ƙaddamar da Runes, wata hanyar buga sulalla a kan Bitcoin, caji ya haura satoshi 1,000 kan bayit. A wannan rana dunƙulen satoshi 50,000 ma ƙura ne.

Dubi lambobin nan da kyau za ka ga inda gizo ke saƙa. Ƙirƙira 34, kashewa 148. Zubar da shara ya fi kwashe ta arha sau huɗu. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa SegWit, gyaran da aka yi wa Bitcoin a 2017, ta yi wa sa hannu rangwamen kashi uku cikin huɗu shi ne a rage wannan giɓin, kuma an rage, ya koma 31 da 68. Amma har yanzu ƙirƙira ce mai sauƙi. Mafi muhimmanci, wanda ya ƙirƙiri dunƙule sau ɗaya yake biya, ga mahaƙi ɗaya. Masu nod da za su ɗauki nauyinsa shekara da shekaru ba a ba su ko sisi.

Abin ba sabo ba ne. A 2012 dandalin caca na SatoshiDice yana aika wa wanda ya faɗi ɗan mitsitsin kuɗi don kawai ya sanar da shi ya faɗi, kuma irin wannan ɗabi'a na cikin abin da ya jawo shingen 2013. A tsakiyar 2015, ana tsaka da rigimar girman bulok, wasu suka yi ta antayo ƙananan mu'amaloli da sunan gwajin ƙarfin tsarin, suka bar miliyoyin ƙananan dunƙulallu. A Yuli na shekarar rukunin mahaƙa na F2Pool ya haɗa wata mu'amala guda mai kusan megabayit ɗaya, ta haɗiye sama da dunƙule 5,500 a tashi ɗaya. Shara aka kwashe, amma mu'amalar ta yi nauyin da ya sa nod suka ɗauki daƙiƙoƙi masu yawa kafin su tantance ta.

Babbar ambaliya ta zo a 2023. A Janairu Casey Rodarmor ya fito da Ordinals, hanyar maƙala hoto ko rubutu a kan satoshi guda. A Maris aka ɗora BRC-20 a kai, inda ake buga sulallan wasa ta hanyar rubuta ɗan gajeren saƙo, sau miliyoyi. A nan akwai abin da ake yawan kuskurewa. Hoton ko rubutun kansa yana zaune ne a ɓangaren sa hannu na bulok, kuma wannan tarihi ne, nod mai datsa tana zubar da shi kamar kowane tsohon kaya. Abin da ke maƙalewa shi ne ɗan dunƙulen da ke ɗauke da shaidar mallaka, wanda galibi ake yi wa mafi ƙarancin kuɗi, 546 ko 330. Da kasuwar ta mutu, masu su suka watse suka bar su.

Bitcoin Stamps kuwa, su ma na 2023, da gangan suka bi ta ɗaya hanyar. Suna yanka hoto su cusa shi a gurbin makullan dunƙule, makullan bogi, domin ya shiga jerin da ba ya datsuwa. Wannan ne ma abin da suke tallatawa, cewa ba mai iya goge kayansu. Gaskiya suka faɗa, amma kuɗin wannan dawwamar daga aljihun wasu ake biyansa.

Akwai ƙofar da aka buɗe tun 2014 don kauce wa irin wannan, wato OP_RETURN. Duk abin da aka rubuta ta nan, tsarin ya san ba zai taɓa kasuwa ba, don haka ba a shigar da shi jerin tun farko. Yana cikin bulok, ya tafi tare da bulok. An fara da iyakar bayit 40, aka ƙara zuwa 80. A Oktoba 2025 Bitcoin Core 30 ta ɗage iyakar sosai, lamarin da ya raba kan jama'a har wasu suka koma manhajar Bitcoin Knots ta Luke Dashjr. Masu adawa suna cewa an shimfiɗa wa masu zuba tarkace tabarma, kuma ban ɗauki damuwarsu a matsayin shirme ba. Amma in ana maganar jerin dunƙulallu kaɗai, tarkacen da ya bi ta OP_RETURN ya fi wanda aka ɓoye a makullan bogi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Na farko baƙo ne mai wucewa, na biyu ya tare.

To me zai hana a share ƙurar kawai? Nod ɗaya ba za ta iya yi ita kaɗai ba. In ta goge wani dunƙule, gobe mai shi ya kashe shi, mahaƙi ya sa a bulok, ita za ta duba ta ce babu wannan kuɗin, ta ƙi bulok ɗin, ta ƙi duk wanda aka ɗora a kansa. Ta fice daga sarƙar ke nan saboda satoshi 600. Sai dai a canza dokar gaba ɗaya kowa ya yarda, kuma an sha kawo shawarwari irin haka. A nan ne nake tsayawa. Kwamfuta ba ta da hanyar sanin wane mabuɗi ne ya ɓata, wanne ne ke cikin akwatin wani yana jiran lokaci. Dunƙulallun Bitcoin 50 na 2009 da 2010 da ba a taɓa motsawa ba suna cikin jerin nan, kuma jefi-jefi wani daga cikinsu yakan farka bayan shekara goma sha. Ita ma ƙurar haka take. A 2025 caji ya sauka zuwa satoshi 1 kan bayit, har ƙasa da haka. A wannan farashi dunƙulen Taproot na 546 ana kashe shi da kimanin 58, saura ya zama kuɗi na gaske. Abin da yake ƙura a Afrilu 2024 ya zama abin ɗauka bayan shekara ɗaya. Sannan ranar da aka amince cewa taron masu manhaja zai iya yanke hukuncin cewa kuɗin wane ya yi ƙanƙanta a ƙwace, an kafa misali. Gobe a ce wanda ya daɗe bai motsa ba, jibi a ce wanda ba a yarda da asalinsa ba. Alkawarin da Bitcoin ya tsayu a kai shi ne mai mabuɗi shi ne mai kuɗi, komai ƙanƙantarsa, kuma ina ganin gigabayit shidan da jerin ya ƙaru da su ba su kai a karya shi ba.

Sarƙoƙin da suka zo daga baya sun ga wannan rami, suka yi abin da Hausawa ke cewa tun ran gini ran zane. A Polkadot, an shafe shekaru dokar ita ce asusun da ya gaza DOT 1 a goge shi, ragowar ta tafi. XRP yana riƙe wani adadi kafin a buɗe asusu, da 20 ne, ya koma 10 a 2021, sannan 1 a Disamba 2024. Solana tana karɓar jingina, kimanin SOL 0.002 kan kowane asusun sulalla, ta mayar maka in ka rufe. Amma ba ya rufuwa sai ya zama fanko, don haka 'yar ragowa na iya riƙe maka jinginar da ta fi ta daraja har sai ka ƙone ta ko ka tura. Ergo ta ba mahaƙa damar cire haya daga kuɗin da ya shekara huɗu bai motsa ba. Matasanmu da suka yi ta dangwalar waya a 2024 kan Notcoin da Hamster Kombat, a kan TON suka karɓi rabonsu, kuma can ma kowane asusu yana biyan hayar zama kaɗan-kaɗan, in bashin ya taru a daskarar da shi, in ya ƙara taruwa a goge. Duk waɗannan ba zalunci ba ne, tunda an faɗa maka sharaɗin kafin ka shiga. Bambancinsu da Bitcoin ke nan: shi bai faɗa ba, kuma sa sharaɗi bayan mutane sun ajiye kuɗinsu wani abu ne daban.

Ethereum ta taɓa yin shara sau ɗaya, kuma yadda ta yi abin lura ne. A 2016 wani maharin ya cika ta da asusun banza kusan miliyan 19. A Nuwamba na shekarar aka yi gyaran Spurious Dragon wanda ya ba da damar goge su. Amma waɗanda ba su da komai kwata-kwata kawai aka taɓa. Asusun da ke da ko mafi ƙanƙantar ɓurɓushi an bar shi. Tun daga lokacin ake ta tattauna hayar ajiya da wa'adin asusu, Vitalik Buterin kansa, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, ya yi rubuce-rubuce a kai, har yau ba a aiwatar ba.

Hanyar da ta fi kwanta mini ita ce wadda Tadge Dryja ya gabatar a 2019 yana MIT, mai suna Utreexo. Maimakon nod ta riƙe jerin gaba ɗaya, sai ta riƙe wani ɗan taƙaitaccen hatimi na lissafi, wanda bai wuce 'yan kilobayit ba, amma yana wakiltar kowane dunƙule. Mai son kashe kuɗi shi zai zo da hujjar cewa nasa yana ciki, nod ta gwada hujjar da hatimin. Ba a ƙwace na kowa ba, ba a canza dokar sarƙa ba, amma nauyin ajiya ya tashi daga kan jama'a ya koma wajen mai kaya. Tana da nata tsadar: hujjojin suna ƙara yawan data da ake saukewa, kuma muddin sauran nod ba su koma tsarin ba, ana bukatar wasu manyan kwamfutoci da za su riƙe komai su riƙa samar da hujja. Ga mai sayen data da tsada wannan ba ƙaramin ciniki ba ne, an rage masa ma'adana an ƙara masa kuɗin intanet. Akwai kuma AssumeUTXO, wadda ta fara aiki kan babbar sarƙa a Bitcoin Core 28 a 2024, tana barin sabuwar nod ta fara da hoton jerin na wani lokaci ta ci gaba da tantance baya a hankali. Tana rage jira, amma hoton da za ka sauke ƙurar na ciki.

Su ma masu ƙera walat suna da rabonsu. Walat mai kyau ba ta mayar maka da canjin da ya gaza iyaka, sai ta bar wa mahaƙi. Tun 2018 Bitcoin Core ke amfani da dabarar Mark Erhardt ta neman haɗin dunƙulallun da zai dace da abin da za a biya daidai, ta yadda ba za a haifi canji ba sam. Ƙananan biyan kuɗi na yau da kullum kuwa wurinsu Lightning ne, hanyar biya da aka ɗora a gefen sarƙar, inda dubban mu'amaloli ke wucewa ba tare da sun bar komai a jerin ba.

Mai walat kuma yana da abin yi, kuma ribarsa ce kafin ta zama ta kowa. Wanda yake karɓar kuɗi kaɗan-kaɗan, ko yake cirewa daga dandalin musaya duk mako, yana tara wa kansa tsada ne bai sani ba. Dunƙule 20 na SegWit in za a haɗa su zuwa ɗaya, mu'amalar kimanin bayit 1,400 ce. Ranar da caji yake satoshi 2, kuɗin 2,800 ne. Ranar da ka matsu kuma caji ya kai 60, 84,000 ne. Ka tura wa kanka su a lokacin da kasuwa ta lafa, ka rage wa jerin shafi 19, ka kuma tsira daga ranar matsi. In za ka bar walat gaba ɗaya, yi amfani da zaɓin tura duka maimakon rubuta adadi da hannu, don kada a bar wutsiya.

Sai dai haɗawa tana tona asiri. Duk dunƙulallun da ka kashe a mu'amala ɗaya, ka shaida wa duniya cewa mutum ɗaya ne mai su. Masu bin diddigi sun san haka, shi ya sa sukan watsa ƙura ga dubban adireshi, kamar yadda aka yi wa masu Litecoin a Agusta 2019, suna jiran walat ɗinka ta haɗa ta da sauran kuɗinka su ja zare. Saboda haka shawarar masu tsaro ita ce ƙurar da ba ka san asalinta ba ka yi mata alamar kada a kashe, ka bar ta. Shawara ce mai kyau ga mutum, amma ita ce ke tabbatar da cewa dunƙulen zai dawwama a cikin kowace nod. Gaba kura, baya sayaki. Mafitar da ake da ita ita ce a kashe ƙurar ita kaɗai, ba tare da haɗa ta da komai ba, a aika ta OP_RETURN a bar kuɗin duka ya zama ladan mahaƙi. Peter Todd ya taɓa rubuta wata 'yar manhaja mai suna dust-b-gone don wannan aikin tun shekarun farko. Yawancin walat ɗin waya da mutane ke riƙewa yau ba su da wannan zaɓin, wasu ma ba sa nuna maka dunƙulallunka ɗaya bayan ɗaya balle ka zaɓi wanda za ka taɓa.